Jinin dasashi da ciwon zuciya: me ya haɗa su?

Wai da gaske ne ciwon baki yana taɓa zuciya?

Akwai alaƙa. A nan Damagaram, sau da yawa mutum zai goga asuwaki kafin alwala, ya ga bakin icen ya yi ja, ya tofar ya wuce abinsa. Dasashi mai lafiya ba ya jini. Jinin nan alama ce ta dauɗar da ta taru a gindin haƙora, ta kumbura dasashi. In aka bar ta, takan ci ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya fara girgiɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kimanin mutum biliyan 1 ke fama da wannan ciwo mai tsanani.

Ta ina zai kai ga zuciya?

Ta jini. Dasashin da ya zama gyambo ƙofa ce a buɗe; ko tauna goro na iya tura ƙwayoyin cuta cikin jini. Kumburin da ya daɗe a jiki kuma yana wahalar da jijiyoyin jini, inda kitse ke taruwa ya toshe hanya.

Ke nan shi ke kawo bugun zuciya?

Ba a tabbatar da haka ba. A 2012 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce ana yawan samun ciwukan biyu tare, amma babu hujjar cewa ɗaya ne ke haifar da ɗayan. Taba da ciwon sukari suna lalata dukansu.

Wa ya fi shiga haɗari?

Wannan ce ta fi damuna. Akwai yaran da suka yi ciwon maƙogwaro ba a ba su maganin da ya dace ba, daga baya ciwon ya lalata musu ƙofofin da ke cikin zuciya. Irin wannan ciwo ya yi yawa a ƙasashenmu na Afirka. Ga mai shi, ko wanda aka yi wa aiki aka sa masa ƙofar zuciya ta roba ko ta ƙarfe, ƙwayoyin cutar baki kan maƙale a ƙofar su yi gida. Sai zazzaɓi ya ƙi sauka mako da makonni, ga kasala da rama, ana ta shan maganin masassara a banza. Wannan yana kisa, kuma tabbatacce ne. Don Allah, mai irin wannan zuciya kada ya zauna gaban mai cire haƙori a kasuwa. Ya je asibiti, kamar babban asibitin ƙasa na Zinder, ya faɗa wa likitan haƙori ciwonsa tun kafin a taɓa shi. Wasu sai an ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta tukuna.

Asuwaki ya wadatar?

Yana aiki sosai in ana bin kowane haƙori, ciki da waje. A haɗa da buroshi da man goge baki mai fulorayid, safe da dare, a kuma rage sukarin shayi.

Ina shan maganin hawan jini da asfirin, akwai matsala?

Magungunan hawan jini irin su amlodipine da nifedipine kan sa dasashin wasu ya yi kauri, asfirin kuma yana sa jini ya daɗe bai tsaya ba. Kada ka bar shan su da kanka. Ka tafi da kwalayen wurin likita ya gani. In kuwa ciwon muƙamuƙi ya zo tare da nauyin ƙirji da zufa, kada ka ce haƙori ne, a kai ka asibiti nan take.