Shin da gaske babu dusar ƙanƙara a Afirka?

An daɗe ana faɗa a majalisun hira na Katsina da Daura cewa dusar ƙanƙara sai Turai, domin zafin Afirka ba zai bar ta ta zauna ba. Wannan zato ba abin mamaki ba ne, tunda ƙanƙarar da muka saba gani ita ce wadda ke zubowa da ruwan damina ta narke nan take, sai kuma wadda ake jefawa cikin zoɓo da azumi.

Abin da aka tabbatar shi ne tudu ma yana kawo sanyi. Duk hawan mita 1,000, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Celsius, shi ya sa wanda ya bar Katsina ya sauka Jos yake neman mayafi da dare. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya tsayinsa mita 5,895 ne, kuma duk da yana kusa da layin da ya raba duniya biyu, wato yankin da aka sani da zafi, akwai daskararriyar ƙanƙara a ƙololuwarsa rani da damina, alhali a gindinsa ana noman ayaba da kofi. Haka abin yake a Dutsen Kenya da duwatsun Ruwenzori da ke kan iyakar Uganda da Kongo. Sai dai ƙanƙarar tana ja da baya, domin ta Kilimanjaro ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun daga 1912.

Mai son tabbatarwa ya buɗe taswirar wayarsa, ya zaɓi hoton tauraron ɗan adam, ya nemo Kilimanjaro, zai ga farin da idonsa. Idan kuma ya ji irin wannan magana game da wani wuri, ya fara duba tsayinsa daga teku. Don Allah a tura wannan bayani ga 'yan uwa da abokan arziki.