Maƙabartar Ohlsdorf

Maƙabartar Ohlsdorf babbar maƙabarta ce a birnin Hamburg, arewacin Jamus, kuma hukumar gari ce ke da ita ba coci ba. Faɗinta hekta 389 ne, ana cewa babu maƙabarta mai tsarin lambu da ta kai ta girma a duniya, har motocin bas ke bi ta cikinta suna sauke masu ziyara don da ƙafa mutum sai ya galabaita.

Tarihi

An buɗe ta ranar 1 ga Yuli 1877. Kafin nan coci-coci ne ke da wuraren binne mutanensu a bakin gari wajen ƙofar Dammtor, to gari ya yi ta bunƙasa wuraren suka cika maƙil, sai hukuma ta sayi gonaki can ƙauyen Ohlsdorf ta ce nan za a riƙa kai kowa, ko wane addini yake bi. Wilhelm Cordes shi ya zana ta kuma ya shugabance ta har rasuwarsa a 1917, ya sa aka shuka itatuwa, aka haƙa tafkuna, aka yi hanyoyi masu lanƙwasa, burinsa talaka ma ya samu kabarinsa shi kaɗai, wanda gaskiya ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamanin. Wajejen 1920 Otto Linne ya faɗaɗa ta ta gabas, shi kuma nasa tsarin miƙaƙƙun layuka ne, har yau ana gane ɓangaren kowa.

Wurin da ya fi sosa rai shi ne kabarin bai ɗaya na mutanen da ruwan bama-baman jiragen Ingila da Amurka ya hallaka a ƙarshen Yuli 1943, sama da mutum 36,000 ke kwance a dogayen ramuka huɗu, da alluna masu ɗauke da sunayen unguwannin da aka kwaso su. A 1952 aka kafa abin tunawa a tsakiya, aikin Gerhard Marcks.

Sassa

Akwai sashen Musulmi da ya samo asali daga 'yan kasuwar Iran tun wajen 1941. Maƙabartar Yahudawa tana maƙwabtaka da ita, an buɗe ta a 1883, amma ita zaman kanta take yi.

A yau

An binne mutum kusan miliyan 1.4 zuwa yanzu, ciki har da tsohon shugaban gwamnatin Jamus Helmut Schmidt da ya rasu a 2015.