Idan ciwon daji ya yi nisa, majinyaci na son a faɗa masa gaskiya?

Shin masu ciwon daji da ya bazu a jiki suna son sanin inda ciwon ya dosa?

Mafi yawansu suna so. A wani bincike da aka buga a Ingila a 2001, an tambayi masu ciwon daji 2,331, kashi 87 cikin ɗari suka ce a faɗa musu komai, mai daɗi da mara daɗi. A Amurka ma, binciken 2015 kan mutum 590 da ciwonsu ya yi nisa ya nuna kashi 71 cikin ɗari na son likita ya ba su ƙiyasin lokacin da ya rage musu. Amma ƙasa da kashi 18 ne suka ce an taɓa faɗa musu.

Sai dai son sani kala-kala ne. Wani yana son lamba: wata nawa? Wani abin da ya dame shi kawai shi ne ko zai ga auren 'yarsa bayan sallah. Wani kuma yau yana son ji, gobe ba ya so.

To me ya sa ba a faɗa musu?

Al'adar ɓoyewa ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A 1961 kashi 90 cikin ɗari na likitocin da aka tambaya a Amurka sun ce ba sa ma faɗa wa majinyaci cewa ciwon daji ne da shi. Zuwa 1979 lamarin ya juye, kashi 97 suka ce suna faɗa.

A wajenmu abin da aka saba gani shi ne babban ɗa ko ƙanin majinyaci ya ja likita gefe a bakin ɗaki ya ce, "Don Allah likita kada ka faɗa wa Baba, ciwon zai kayar da shi." A koma ciki ana cewa, "Sauƙi yana nan tafe, Baba." Shi kuwa Baba yana ganin hannunsa na ramewa, yana ganin 'yan uwan da suka shekara ba su zo ba sun fara tururuwa. Sau da yawa ya gane, yana dai yin shiru ne don kada ya tayar wa iyalinsa hankali. Kowa na kare kowa, kowa kuma na kuka shi kaɗai. A Najeriya dokar lafiya ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya sanar da majinyaci halin da yake ciki, sai in akwai hujja mai ƙarfi cewa faɗar za ta cutar da shi.

Faɗar ba za ta karya masa zuciya ba?

Ranar farko tana da nauyi, ba shakka. Amma binciken da aka buga a Amurka a 2008 bai sami ƙarin ciwon damuwa ba a wajen waɗanda likita ya tattauna ƙarshen rayuwa da su. Rashin faɗar ma yana da tasa illar. A 2012 an gano kashi 69 cikin ɗari na masu ciwon dajin huhu da ya bazu, da kashi 81 na masu na hanji, ba su fahimci cewa kemo, wato maganin ciwon daji mai ƙarfi da ake yi musu, da wuya ya warkar da su ba. Mutumin da ke tsammanin warkewa zai yarda a sayar da gona don ƙarin allura. Wanda ya san halin da yake ciki yana iya zaɓar ya koma gida, ya biya bashi, ya mayar da amana, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda suka yi saɓani.

Ai ajali na Allah ne. Likita ya san ranar mutuwa?

Bai sani ba, kuma likitan kirki ba ya da'awar haka. Abin da yake da shi ƙiyasi ne daga yadda ta kasance ga masu irin ciwon. Ƙiyasin ma yakan karkata: a wani bincike a birnin Shikago na Amurka da aka buga a 2000, kashi 20 cikin ɗari ne kawai na hasashen likitoci ya yi daidai, kashi 63 sun ba da lokaci mai tsawo fiye da yadda ta kasance. Shi ya sa ya fi kyau ya ce "makonni zuwa watanni" maimakon "wata uku", ya kuma bayyana abin da zai faru in ciwon ya yi sauri da in magani ya karɓa.

Wanda ba ya son sani fa?

Haƙƙinsa ne. Abin da ya kamata shi ne a tambaye shi shi da kansa, tun kafin sakamako ya fito: "Alhaji, in gwajin ya fito, kana son mu yi maka bayani dalla-dalla, ko akwai wanda kake so mu yi magana da shi?" In ya ce a yi da ɗansa, shi ya zaɓa, ba a zaɓa masa ba. A sake tambayarsa in yanayin jiki ya canza, domin wanda ya ƙi ji a watan farko yakan nemi a faɗa masa daga baya.