Mota ko Jirgin Sama? Tambayoyi kan Zirga-zirga Tsakanin Garuruwan Saudiyya

Idan kaka ta yi, aka sayar da riɗi da shinkafa, wasu magidanta a yankin Ringim da Taura sukan haɗa Umra da yawon buɗe ido, su ce tunda an riga an biya kuɗin jirgi daga Kano, gara a leƙa Ɗa'ifa ko Riyad kafin a dawo gida. Ga tambayoyin da suka fi yawan yi.

Daga Makka zuwa Madina, jirgin sama ne ya fi sauri?

Ba lallai ba ne, domin Makka ba ta da filin jirgin sama. Sai matafiyi ya fara zuwa Jidda, tafiyar fiye da awa guda a mota, ya zauna jiran tantancewa, sannan ya yi kusan awa guda a sama, ya kuma tsaya jiran kaya bayan an sauka. Tsakanin Makka da Madina kimanin kilomita 450 ne, kwatankwacin Kano zuwa Abuja, amma titin shimfiɗaɗɗe ne, bas takan yi shi cikin awa biyar ko shida har da tsayawar sallah. Akwai kuma jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, wanda ke kammala tafiyar cikin awa biyu da ɗoriya. A ganina, wanda ke tare da tsohuwa ko ƙananan yara, jirgin ƙasan ne ya fi masa sauƙi, sai dai yana da iyaka kan kayan da za a shiga da su, kuma mutanenmu ba su iya tafiya da jaka ɗaya ba.

To yaushe ne jirgin sama ya fi dacewa?

Idan tafiyar ta yi nisa. Jidda zuwa Riyad ya kai kimanin kilomita 950, yawancinsa hamada, don haka bas takan cinye yini guda, alhali jirgi ba ya kai awa biyu. Kamfanonin Saudia da Flynas da Flyadeal duk suna wannan jigila. Abin lura shi ne, tikiti mafi araha sau da yawa jakar hannu kawai ya ƙunsa, idan aka zo filin jirgi da akwatunan dabino da jallabiyoyi, kuɗin awo kan iya cinye rangwamen da aka samu.

Ɗa'ifa fa?

Wannan ta mota ce, ba ta kai kilomita 100 daga Makka ba. Hanyar Hada tana hawa dutse da kwana-kwana, mai yawan jiri ya zauna a gaba, kuma a riƙe rigar sanyi domin garin yana kan tudu.

Shin zaɓin hanya yana shafar ɗaukar harami?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mai fitowa daga Madina a mota yana tsayawa a Zul-Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, ya yi wanka ya ɗaura harami a natse, mai saukowa daga Ɗa'ifa kuwa miƙatinsa, wato wurin da zai ɗaura harami, Ƙarnul Manazil ne. Jirgin sama ba ya tsayawa a miƙati, saboda haka wanda ya taso daga Riyad zuwa Jidda da nufin Umra sai ya sa haraminsa tun a filin jirgi, ya yi niyya idan an zo daura da miƙati, kada ya bari sai an sauka a Jidda.