Tsofaffin gadojin ƙarfe masu saƙa: me ke riƙe da su har yau?

Wai ƙarafan nan da ake saƙawa kusurwa uku-uku, ado ne?

Ba ado ba ne sam. Ka haɗa sanda huɗu da ƙusa a kowace kusurwa ka ɗan tura, nan take za su karkace, amma sanda uku in an haɗa su ba inda za su je sai dai ɗaya ta karye. In jirgin ƙasa ya hau gadar, kowane ƙarfe aiki ɗaya gare shi, ko ana jansa ko ana danne shi, galibi na sama shi ke shan danniya, na ƙasa kuma ja.

Duk saƙar iri ɗaya ce?

Ina! A Amurka William Howe ya fito da tasa a 1840, katako haɗe da sandunan ƙarfe, sai Thomas da Caleb Pratt a 1844 suka juya sandunan da ke gicciye yadda ja kawai za su riƙa sha, dabara ce babba don dogon ƙarfe siriri in an danne shi lanƙwashewa yake, in ja ne kuwa ko a jikinsa. James Warren na Ingila ya zo da tasa a 1848.

Wane ƙarfe suka yi aiki da shi?

Da farko ƙarfen zubi, yana jure danniya amma in an ja shi tsinkewa yake ba sallama. Ran 28 ga Disamba 1879 iska ta kayar da gadar Tay a Sikotland, mai ginshiƙan ƙarfen zubi, da jirgin ƙasa a kai, ba wanda ya tsira. Shi ya sa da aka zo gadar Forth, ita ma a Sikotland, wadda aka buɗe 1890, aka yi ta da sitil jibga-jibga, wato ƙarfen da ke jure ja da danniya duka, manyan tsallakenta biyu, wato tazarar da ke tsakanin ginshiƙai, kowanne mita 521, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Kafin walda fa, da me ake haɗawa?

Ƙusa ake gasawa ta yi jajir, a zura a rami, wani ya tokare ta baya wani ya daddake kan, tana hucewa sai ta tsuke ta damƙe ƙarafan. Waɗannan ƙulle-ƙullen da ake gani jere a jikin gada, kowanne kan ƙusa ne da aka daddake.

To me ke kashe su?

Galibi tsatsa da sakaci, ba tsufa ba. Ruwa da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara su kwanta a mahaɗa, tsatsa ta kumbura tsakanin ƙarfe da ƙarfe har ta buɗe su. Abin da ke ba ni haushi shi ne a bar gada ba fenti shekara da shekaru sannan a ce ta lalace a rushe. In ba ta iya ɗaukar manyan motoci a bar wa masu ƙafa da keke mana, kamar gadar Bollman ta 1869 da ke Savage a jihar Maryland.