Waiwaye: Asalin Saɓanin Ƙididdigar Tallafin Sauyin Yanayi

Duk daminar da Kogin Kaduna ya tumbatsa ya shiga gidaje a Kigo Road da Tudun Wada, sai muhawara ta sake tashi kan inda kuɗin tallafin sauyin yanayi yake shiga, alhali maganar ta daɗe. A 1992 aka ƙulla yarjejeniyar yanayi a Rio, a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, taron Paris na 2015 kuma ya miƙa alkawarin zuwa 2025.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne a 1998, lokacin da aka ƙirƙiro alamomin Rio. Tsari ne da mai ba da tallafi zai duba aikinsa ya ba shi maki: 2 idan yanayi ne ainihin manufar aikin, 1 idan yana cikin manufofinsa, 0 idan babu ruwansa da shi. An tsara shi ne domin a ga yadda kula da muhalli ke shiga ayyukan raya ƙasa, ba domin ƙirga kuɗi ba, kuma sai a 2010 aka ƙara alamar jure wa illar sauyin yanayi, wadda ita ce ta fi shafar irinmu. Da alkawarin 2009 ya zo ba tare da an amince da ma'anar kuɗin yanayi ba, sai aka jingina lissafi a kan waɗannan alamomi. Aikin da ya sami maki 1, wani ya ƙirga kashi 40 na kuɗinsa, wani ya ƙirga duka, kowa da mudunsa. A ganina nan ne tushen matsalar, domin rance ma yana shiga lissafi kamar kyauta, agajin gaggawa kuwa, irin wanda aka buƙata bayan ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, yana da nasa kundin daban.

Shi ya sa OECD, ƙungiyar da akasarin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta ƙirga dala biliyan 83.3 a matsayin tallafin shekarar 2020, ƙungiyar agaji ta Oxfam kuma ta ce ainihin darajar tallafin ba ta wuce biliyan 24.5 ba. A taron yanayi na Baku, babban birnin Azerbaijan, a 2024, an ɗaga alkawarin zuwa dala biliyan 300 duk shekara kafin 2035, kuma a can ma ba a tsayar da ma'auni guda ba.