Dokar zubar da ciki a Jamhuriyar Nijar

Zubar da ciki da gangan laifi ne a dokar Nijar, sai a wasu halaye ƙalilan da doka ta keɓe saboda rai da lafiyar mai ciki, ko mummunar cuta ga abin da ke cikin. Dokar ba ta shafi ɓari ba, wato cikin da ya fita da kansa, haka kuma matar da aka kawo asibiti tana zubar jini tana da haƙƙin a yi mata wankin ciki a ba ta magani, ko mene ne musabbabin.

Tushen hanin yana cikin kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka ɗora kan tsohuwar dokar Faransa. Ayar doka ta 295 ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 da tara ga duk wanda ya zubar wa mace ciki ko ya yi yunƙurin hakan, da yardarta ko ba da yardarta ba, hukuncin kuma yana ƙaruwa ga wanda ya mayar da abin sana'a. Ita kanta matar tana iya shan watanni 6 zuwa shekara 2 a gidan kaso, likita ko ungozoma ko mai sayar da magani da aka samu da hannu kuwa ana iya hana shi aikinsa.

Sassaucin ya zo ne da dokar lafiyar haihuwa ta watan Yunin 2006, wadda ta halatta katse ciki idan ci gabansa zai jefa rai da lafiyar uwa cikin haɗari, ko kuma, bisa roƙon matar, idan bincike ya nuna cewa abin da ke cikin yana ɗauke da mummunar cuta. Yanke wannan shawara ba na likita ɗaya ba ne, sai tawagar likitocin da hukuma ta amince da su. A aikace, halayen da ake dubawa su ne irin hawan jini mai kai mace ga jijjiga, da ciwon zuciya mai tsanani, da sankarar da maganinta ba zai jira haihuwa ba. Wannan sharaɗi na tawagar likitoci shi ne inda dokar ta fi ƙunci, domin a jihar Damagaram, alal misali, irin waɗannan ƙwararru sun taru ne a babban asibitin ƙasa da cibiyar kula da uwa da yaro ta birnin Zinder, alhali matar ƙauyen Tanut ko Gure sau da yawa a amalanke ake fara ɗauko ta, takan iso kuma jiki ya riga ya yi nisa.

Cikin fyaɗe ba ya cikin abubuwan da aka keɓe. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka ta nemi a halatta zubar da shi, amma majalisar dokokin Nijar ta ƙi amincewa da ita a 2006. Ƙetare iyaka ta Magarya zuwa Kano ma ba ya sauya komai, tun da dokar Arewacin Najeriya ceton rai kaɗai ta yarda da shi. Benin ce ta faɗaɗa tata a 2021 har zuwa makonni 12.

Ga mafi yawan Damagarawa, fatawar malamai ta fi ayar doka tasiri. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne hana fitar da ciki ko da bai kai kwana 40 ba, ko da yake Lahmi, ɗaya daga malaman mazhabar, ya sassauta kafin wannan lokaci, bayan busa rai a kwana 120 kuwa malamai sun haɗu kan haramci. Duk da haka, idan amintattun likitoci suka tabbatar cewa uwa za ta halaka, malaman zamani suna fifita ranta bisa ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu, domin ita ce tushe, kuma rayuwarta tabbatacciya ce. Dangi kan nemi jin bakin malami kafin miji ya sa hannu a takardar asibiti.